Nauyin Kalmar Ƙauna

Babu kalmar da ta sha wuya a hannun marubuta irin ƙauna. Mawaƙi ya ja ta, mai wa'azi ya ja ta, mai talla ya liƙa ta a allon bakin titi, har ta kai mutum ya ji an faɗe ta amma ko gezau zuciyarsa ba ta yi ba. Marubucin labarin soyayya shi ya fi kowa shiga tsaka mai wuya, domin ita ce jarinsa, kuma ita ce hajar da ta fi daɗewa a shagonsa tana shan rana. Idan kuwa marubucin Kirista ne, sannan ya ɗauki labarinsa ya kai shi wani zamani da ya shuɗe, to nauyin ya ninka. Kalma guda zai sa ta ɗauki son namiji da mace, ta ɗauki ƙaunar Allah ga bayinsa, ta kuma fito daga bakin mutanen da ƙasa ta rufe idonsu shekaru aru-aru. Daga ina zai samo mata wannan ƙarfin?

Baiwa tana da nata rabon, yawan rubutu ma haka, amma ni a ganina daga karatu yake samo shi: me ya karanta, yaya ya karanta shi, kuma da wace tambaya a ransa ya buɗe littafin. Rayuwar marubuciyar nan Ba'amurkiya, Francine Rivers, ta isa shaida, domin alƙalaminta ya sauya hanya ne a daidai lokacin da karatunta ya sauya.

An haife ta a 1947 a jihar Kalifoniya. Ta karanta Turanci da aikin jarida a Jami'ar Nevada da ke Reno, ta ɗan taɓa aikin jarida. Surukarta ce ta ara mata littattafan soyayya, ta yi ta karanta su ɗaya bayan ɗaya har ta gane yadda ake ɗinka su, ta ce ita ma bari ta gwada. Daga 1976 zuwa 1985 ta yi ta fitar da labaran soyayya na tarihi a kasuwar kowa da kowa, suna kuma samun karɓuwa. Kada a raina wannan zangon. A nan ta koyi yadda ake haɗa mutum biyu a shafi, a raba su, a ja ran mai karatu har barci ya ƙaurace wa idonsa, da yadda ake rufe babi da abin da zai hana a ajiye littafi. Karatunta na farko ke nan, kuma shi ya ba ta sana'a.

A 1986 ta miƙa rayuwarta ga Almasihu, sai rubutu ya tsaya mata cak. Kusan shekara uku, duk abin da ta fara sai ya mutu a hannunta. Ta sha faɗa daga baya cewa rubutu ya riga ya zame mata gunki, mafakar da take gudu ta ɓuya, inda take jin ita ke da iko da komai. Cikin wannan shirun ta duƙufa ga karanta Littafi Mai Tsarki. Yadda na fahimci lamarin, kalmominta ba su gudu ba. So, alkawari, aminci, gafara, duk suna nan inda ta bar su. Cin karo ta yi da su a wani littafi inda suke ɗauke da abin da ita ba ta taɓa ɗora musu ba, sai hannunta ya kasa ɗaga su da sauƙin da ta saba.

Littafin da ya buɗe mata baki ɗan ƙarami ne, sura 14 kacal, cikin ƙananan annabawa na Tsohon Alkawari: littafin Hosiya, wanda wata fassarar Hausa ke kira Yusha'u. Hosiya mutumin masarautar Isra'ila ta arewa ne, a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, ya fara annabci a zamanin Sarki Yerobowam na biyu, sa'ad da ƙasar ke cikin wadata alhali Assuriya na gab da haɗiye ta. Littafin ya ce an umarce shi ya auri mace marar kamun kai, Gomer 'yar Diblayim, domin aurensa ya zama hoton abin da ke tsakanin Allah da jama'ar da ta juya masa baya. Ta haifi 'ya'ya uku. Ta biyun mace ce, aka raɗa mata suna mai nufin wadda ba a ji tausayinta ba, na ukun kuma sunansa na nufin waɗanda ba jama'ar Allah ba. Ka tsaya ka hango gidan nan. Uba zai leƙa waje ya kira 'yarsa ta zo ta ci abinci, amma duk kiran da ya yi, hukunci ne yake furtawa a kan al'umma. Can gaba sai littafin ya yi alkawarin juya sunayen: marar tausayi za a tausaya mata, korarru za a ce da su jama'ata.

A sura ta uku an ce masa ya je ya ƙaunaci macen da ta bi wani, wadda masu sharhi da dama ke ɗauka Gomer ce. Ya je ya sayo ta da azurfa 15 da wani ma'auni na sha'ir. Dokar Musa ta sa diyyar bawan da sa ya kashe azurfa 30, don haka wasu ke ganin kuɗin baiwa ya biya, rabi a azurfa, ragowar a hatsi. Sha'ir abincin talaka ne. Kai ka ce mutum ne da ya kakkaɓe aljihu bai cika ba, ya shiga rumbu ya ciko. A wannan littafin ƙauna na da farashi, an kuma rubuta shi da lamba. Abin da Rivers ta gani ke nan, kuma daga nan aka sami littafinta mai suna Redeeming Love, wato ƙauna mai fansa, wanda kamfanin Bantam ya buga a 1991.

Da ta so, da ta bar labarin a ƙasar Hosiya da zamaninsa, ta sa wa mutanenta alkyabba da rawani. Sai ta kawo shi ƙasarta, Kalifoniyar 1850, kuma a nan karatun tarihi ya yi nasa aikin. A watan Janairun 1848 wani kafinta, James Marshall, ya tsinci zinariya a wurin da ake gina injin yankan katako na wani mai suna Sutter, a Koloma. Cikin 'yan shekaru mutane wajen 300,000 suka kwararo daga gabashin Amurka, da Turai, da Sin, da Latin Amurka. San Faransisko, da ba ta fi mutum dubu ba a 1848, ta kai wajen 25,000 a 1850. Ƙidayar wannan shekarar ta nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka ƙirga a jihar maza ne. Wanda ya karanta waɗannan alƙaluma da idon marubuci zai ga abin da ke bayansu: sansanonin maza zalla, nesa da uwa da mata da idon dangi, kowa da ƙullin garin zinariya a ƙugu, ana auna komai a sikeli, tun daga ƙwai har mutum. Babu inda ya fi nan dacewa a tambayi ko akwai abin da ba na sayarwa ba. Tarihin da aka karanta da kyau shi ke gaya wa marubuci abin da kowane mataki zai ci wa mutanensa: tafiyar kwana nawa ce, wa zai yi gulma, wace ƙofa ce a rufe ga mace irin wannan.

Amma inda karatun Hosiya ya fi bayyana a littafin shi ne wajen suna. Jarumar ta taso tana jin mahaifinta na cewa bai so a haife ta ba. Uwarta ta mutu, aka sayar da ita tana 'yar shekara takwas ga wani attajiri mai lalata yara, shi kuma ya sa mata Angel, wato mala'ika. Suna ne mai daɗin ji, amma tambarin mai kaya ne. Da shi ake tallan ta a gidan karuwai na wani garin mahaƙa, inda wani manomi mai suna Michael Hosea ya hango ta tana wucewa ya ji a ransa an ce wannan ce matarsa. Ya ƙi kiran ta da sunan kasuwa, ita kuma ta ƙi faɗa masa na yanka. Sai ya riƙa laƙaba mata wasu: Mara, mai nufin ɗaci, sunan da Na'omi ta ba kanta a littafin Rut, Tirza, daga Waƙar Waƙoƙi, da kuma Amanda. Kowane suna tambaya ce yake yi mata, ita kuwa ta yi gum. Jikinta an saye shi sau ba adadi, abu ɗaya da bai taɓa shiga kasuwa ba shi ne sunan da uwarta ta raɗa mata. Ta gudu, ya dawo da ita; ta sake gudu. A tafiyar ƙarshe bai bi ta ba. Ta yi shekaru a San Faransisko, ta sami bangaskiya da ƙafarta, ta buɗe gidan koya wa mata irinta sana'a, sannan ta dawo don kanta ta faɗa masa sunanta: Sarah, wato Saratu, takwarar matar Ibrahim da ta daɗe ba haihuwa. Ita ma an ce mata ba za ta taɓa haihuwa ba, don haka sunan da kansa ya zama albishir.

Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Mu da muke cewa suna linzami, muke yanka rago a kan sa, muke ganin mace ta yi shekara hamsin ba ta furta sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, mun san suna ba abin jifa ba ne. Shi ya sa nake ganin ƙololuwar littafin ba ta faɗo a kan sumba ko furucin so ba. Mace ce ta miƙa kalma guda da ta ɓoye kusan tsawon rayuwarta, kuma mai karatu ya san abin da kalmar ta ci mata domin ya bi ta shafi bayan shafi yana ganin tana tsaron ta.

Ita kuma fansa, wadda ke cikin sunan littafin, kalma ce da Hausa ta san zafinta. Da ita bawa ke sayen kansa a da. Da ita Kiristocin Hausa ke bayyana aikin Almasihu a waƙa da addu'a. Yau kuma da ita iyalai ke kwana suna lissafi, a sayar da gona, a sayar da shanu, don a karɓo wanda ke hannun masu garkuwa. Duk wanda ya taɓa zama a gidan da ake haɗa kuɗin fansa ya san cewa wanda za a fanso ba shi da abin bayarwa, kuma mai biya ba ya tsayawa tambayar ko ya cancanta. Ma'anar da Rivers ke nema ke nan, sai dai ta ƙara mata wani gefe mai wuya: yaya za a yi idan wanda aka fanso bai yarda ya kai kuɗin ba, ya riƙa komawa inda aka ɗauko shi? Ita kanta marubuciyar ta yi wata irin fansa a aikace. Ta bi littattafanta na kafin 1986 tana sayen haƙƙin buga su don kada a sake fitar da su. Shi ma Redeeming Love ta karɓo shi ta sake masa aiki, ta rage wuraren da suka yi tsiraici, ta fito da maganar tuba fili, kamfanin Multnomah ya buga shi a 1997. Wannan bugun ne ya zagaya duniya, har aka yi fim ɗinsa a 2022.

Daga nan ta tsayar da hanyar aikinta, ta kuma sha bayyana ta: kowane littafi daga tambayar da ke damun ta a rayuwar bangaskiyarta yake farawa. Tana karanta Littafi Mai Tsarki kullum da tambayar a ranta, sannan ta raba wa mutanen labarin amsoshi iri-iri, kowa ya rayu da tasa a ga inda za ta kai shi. Tambayar da ta haifi A Voice in the Wind, na 1993, ita ce yadda mutum zai shaida imaninsa a gaban waɗanda ba sa son ji, alhali shi kansa tsoro yake. Ta kai tambayar shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, sa'ad da rundunar Rum ƙarƙashin Titus ta rushe Urushalima ta ƙone Haikali. Marubucin tarihin nan Bayahude, Yosefus, wanda ya ga yaƙin da idonsa, ya ce mutum 97,000 aka kama bayi. Rivers ta ɗauki yarinya guda daga cikin wannan adadi ta ba ta fuska. Ta kira ta Hadassa, sunan Ibrananci na Sarauniya Esta, wadda ita ma ta zauna a gidan masu mulki tana ɓoye asalinta. Hadassa baiwa ce a gidan wani attajirin Rum, Kirista ce mai rawar baki, tana kuma son Markus, ɗan gidan. Da ya nemi ta aure shi ta ƙi, domin ba ta iya raba zuciyarta biyu, ƙanwarsa Yuliya kuwa ta sa aka jefa ta ga zakuna. A littafin da ya biyo bayansa ta rayu da tabo da ɗingishi, ta rufe fuska, ta sauya suna, ta koma jinyar Yuliyar da ta nemi ranta. Kalmar gafara ba ta buƙatar wa'azi bayan wannan. An riga an nuna ta da ruwan wanka da magani da zaman dare.

Rivers ba ita ta fara wannan hanya ba. Lew Wallace ya fitar da Ben-Hur a 1880, Henryk Sienkiewicz na Polan ya kai soyayya da bangaskiya Rum ta zamanin Nero cikin Quo Vadis, ya kuma karɓi kyautar Nobel a 1905. Grace Livingston Hill ta rubuta labaran soyayya na Kirista fiye da ɗari kafin rasuwarta a 1947. Janette Oke ta Kanada, da Love Comes Softly na 1979, ta buɗe kasuwar zamani da labarin wata bazawara da ta auri wani manomi don larura, so ya tsiro daga baya. Duniyar Oke mai taushi ce, zunubi a cikinta daga nesa ake hango shi. Abin da Rivers ta ƙara shi ne shigar da mai karatu cikin ɗakin da abin ya faru, domin littafin da ta karanta bai kawar da kai daga ɗakin ba.

Wannan hanya na da ramukanta, kuma ƙaunar da nake wa aikin ba za ta hana ni faɗa ba. Akwai masu karatu, har cikin Kiristoci, da ke ƙorafin cewa an ɗaura auren Angel ne tana kwance jina-jina bayan dukan da aka yi mata, ba ta cikin hayyacin da za ta ce e ko a'a, kuma Michael ya yi kusa da zama marar aibi har ana iya ɗaukar sa madadin Almasihu. Ƙorafin na da tushe. Misalin da ya dace tsakanin Allah da bawa na iya zama haɗari idan aka ɗauke shi a matsayin darasin aure, yarinya ta zauna jiran namijin da zai cece ta, ko wani ya ɗauka nacinsa a kan mace wahayi ne. Abin da ya tsamo littafin, a ganina, shi ne wancan lokacin da Michael ya daina bi. Marubuciyar ta gane cewa matuƙar shi ne mai dawo da ita, to shi ya zama gunkinta. Rami na biyu na tarihi ne. Wannan zinariyar da ta cika San Faransisko ita ta share 'yan asalin Kalifoniya, waɗanda masana suka ƙiyasta sun ragu daga wajen 150,000 a tsakiyar shekarun 1840 zuwa kusan 30,000 a farkon shekarun 1870, ta hanyar kisa da cuta da yunwa. Labaran soyayya na wannan zamani ba kasafai suke waiwayar su ba. Manomin kirki na labari a kan ƙasar wani yake noma. Wanda marubuci bai karanta labarinsa ba, ba zai taɓa shigowa shafinsa ba, kuma wannan ma hukunci ne da karatu ke yankewa.

Shi ya sa aikinta da ya fi nuna mini irin mai karatun da ta zama shi ne wasu gajerun littattafai biyar da ta fitar a 2000 da 2001. Bisharar Matiyu ta buɗe da jerin asalin Yesu, wane ya haifi wane, sashen da yawancin masu karatu ke tsallakewa su kai ga labari. Rivers ta tsaya a nan. Cikin dogon jerin maza akwai mata biyar: Tamar, Rahab, Rut, Batsheba da Maryamu. Ɗaya ta yi shigar karuwa don ta karɓi haƙƙinta daga surukinta, ɗaya karuwar Yariko ce, ɗaya baƙuwa ce daga Mowab. Batsheba kuwa ko sunanta ba a ambata ba, da sunan mijinta Uriya, wanda Dawuda ya sa aka kashe, aka nuna ta. Rivers ta ba kowacce littafi guda, na Batsheba kuma ta sa masa Unspoken, wato abin da ba a furta ba. Sai wanda ke karatu a hankali, yana tambayar me ya sa aka faɗi wannan aka yi shiru a kan wancan, zai ga littafi guda a gurbin sunan da aka tsallake.

Irin wannan karatun nake fata ga duk mai son rubuta soyayyar mutanen da, ko Kirista ne ko ba Kirista ba. Ya karanta 'yan sana'arsa don ya iya riƙe mai karatu. Ya karanta littafin addininsa da tambaya ta gaskiya, wadda bai riga ya san amsarta ba. Ya karanta tarihi har ya kai ga waɗanda aka ƙirga ba a ambata ba. Matattu ba sa iya gyara abin da aka rubuta a kansu, masu rai kuma da dama daga labari suke koyon abin da za su kira so, su kuma gina aure a kai. Marubucin da ya sa kalmar ƙauna a bakin jaruminsa bashi ya ɗauka daga ɓangarorin biyu, kuma shekarun da ya yi yana karatu ne kaɗai za su nuna ko yana da abin biya.